Mutanen da Na Ɓoye a Gidan Fegge

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ina gaishe ki, ina fatan kin sauka lafiya kin iske gwaggonki Hajiya Binta da yaranta kalau. Allah Ya tsare ki a Fatakwal, shiga da fita, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direban da yake ganin shi kaɗai aka yi wa titi. Innarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kada ki raba dambun naman nan duka a rana ɗaya don neman suna.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki. Za ki ce me ya hana Baba ya buga waya. Tun ranar da kika kawo min takardar ɗaukar aiki nake juya maganar nan a bakina, amma duk sanda kika zauna a gabana sai in ɓuge da tambayar ko kin sayi lema. Na ga kin sayi lemar. Ga sauran maganar.

Sau biyu kika yi min bayanin aikinku, na farko da Turancin da ya fi ƙarfina, na biyu da Hausa. Abin da na gane shi ne za ku bi unguwanni a Fatakwal da Inugu da nan Anaca, ku ga yadda mutane ke zaune, ɗaki nawa, mutum nawa, me haya ke bari a aljihun mutum, sannan ku rubuta wa masu mulki shawara kan inda za a gina gidaje da yadda talaka zai iya shigar su. An ɗauke ki ne don kina jin Hausa da Ibo da Turancin Buroka, kuma unguwannin mutanenmu ne rabonki. Da kika gama na ce madalla, Allah Ya yi albarka. Ban gaya miki gabana ya faɗi ba. Ya faɗi ne saboda an taɓa kawo irin wannan takarda ƙofar gidanmu, kuma ni na tare ta.

Bari in faro daga Asata, don a can na fara karkacewa.

Na sauka Inugu ina saurayi, a kan buhunan wake, da riga biyu da buta. Muna zaune a Asata kusa da kasuwar Ogbete. Da na fara tsayawa da ƙafata, akwai wani dattijo Ibo da nake kai wa wake, Mazi Okoro, mutum mai yawan barkwanci. Wata rana ya ce in raka shi, ya kai ni wani fili a bayan gari, a lokacin duk ciyawa ce da rogo, ya ce in saya in kafa ɗaki ko biyu ne. Abin da ya nema ina da shi. Na yi dariya na ce masa ai ni baƙo ne, baɗi zan koma gida. Ya dube ni ya ce, "Musa, duk ɗan Arewan da na sani baɗi zai tafi. Na binne uku daga cikinsu."

Na ɗauki maganar a matsayin wasa. Abin da na tara sai na aika ƙauyenmu aka gina min ɗaki shida da zaure, har da fenti kore. Kin san gidan, sau huɗu kika taɓa zuwa, kuma kowane zuwa kuka kika yi ta yi sai an dawo da ke unguwarmu Fegge a nan Anaca. Yau awakin kawunki Sani ne a ɗaki biyu, harawa a ɗaki uku, na shidan kuma rufinsa ya zube tun damina biyu da suka wuce. Ni mai gidan, daga Inugu na dawo Anaca, ina nan ina biyan haya har gemuna ya yi fari.

Ba zan ce wauta ce zalla ba. Manyanmu sun ga abin da suka gani, mu ma sau biyu muka kwashe ku muka fake a bariki da gari ya rikice. Wanda ya taɓa gudu da yara a kafaɗa ba ya son zuba bulo inda ba zai iya ɗauka ba. Ki san wannan, ki girmama shi. Amma ga shawarata. Idan takardarku ta tambayi mutum ko mazauni ne ko mai wucewa, kusan kowane Bahaushe zai ce miki mai wucewa ne, kuma ba ƙarya yake nufi ba, shi ma haka ya yarda. Kada ki yi saurin rubutawa. Ki tambaye shi inda aka haifi 'ya'yansa, da makarantar da suke zuwa, da inda ya binne mamatansa. Idan kika rubuta mu duka a matsayin baƙi, wanda zai karanta a ofis zai rufe takardar hankalinsa kwance, don ba wanda ke gina wa baƙo gida.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi.

Kina goye a lokacin, ba za ki tuna ba. Gidanmu na Fegge ɗaki tara ne a da, ba shida ba. Akwai layi na baya mai ɗaki uku a bakin babbar kwata, inda yanzu innarki ke shanya. Ni na karɓi gidan gaba ɗaya daga hannun mai shi, kuma a takardar yarjejeniya an rubuta mutum biyu a kowane ɗaki. Na sa hannu ina sane da cewa ba za a yi haka ba. Mota ba ta fasa sauke mutanenmu, haya a gari kuma ta fi ƙarfinsu, ga shi sai an biya ta shekara biyu a dunƙule kafin a ba ka makulli. Wa zai ga ɗan garinsu a bakin titi ya wuce? Sai na sayo katako na raba ɗakuna gida biyu. Masu gadi su kwanta da rana, 'yan dako su karɓi tabarmar idan sun fita. Ina yawo ana ce min Alhaji mai taimako, ni ma ina jin daɗin sunan. Mun kai mutum arba'in da ɗoriya a gidan, da banɗaki ɗaya.

A bayan katakon ɗaki na tara akwai Haladu mai gyaran takalma, da matarsa Ladidi da yara huɗu. Mutum ne marar hayaniya, idan ya gyara maka takalmi sai ka bi shi da kuɗin. Gaban katakon kuma wasu 'yan ci-rani biyu ne da ke zuwa bayan girbi su koma da faɗuwar ruwa.

Wata shekara kogi ya cika ya shigo unguwa har gwiwa. Da ruwan ya janye sai ga ma'aikata suna bin gida gida da takardu, wai suna rubuta mutanen da ke zaune a bakin kwata. Wadda ta shigo gidanmu yarinya ce kamar ke yanzu, takalminta duk taɓo, biro a maƙale a gashinta. Da yake ni ke jin yarensu, ni aka tura gaba.

Kafin ta iso layin baya Haladu ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, in fito da iyali a rubuta mu?"

Na ce, "Rufa wa kanka asiri. Ka taɓa ganin an rubuta sunan talaka alheri ya biyo baya? Haraji ne zai biyo ka. Ka ce wa Ladidi ta shige da yara."

Ya ce, "To, Alhaji. Kai ka san gari."

Gaskiya ne ina tsoron haraji, kuma gaskiya ne mu ba ma son ƙirga mutane. Kin san ko ni aka tambaya 'ya'yana nawa, sai in ce alhamdu lillahi in yi shiru, haka muka tashi muka gani. Amma ba wannan ne ya sa na hana shi ba. Tsorona kada adadin ya kai kunnen mai gida ya karɓe gidansa. Na lulluɓe tsoron kaina da al'ada, na miƙa wa Haladu a matsayin nasiha.

Yarinyar ta tambaye ni mutum nawa ne a gidan, na ce goma sha takwas. Da muka zo ƙofar ɗaki na tara sai ta tsaya. Akwai takalma a jere a bakin ƙofa, har da 'yan ƙananan silifas guda huɗu, ɗaya an ɗinke maɗaurinsa da zaren Haladu. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Oga, na only two people dey sleep here?" Na ce mata e, mutum biyu ne kawai ke kwana a nan, takalman na gyara ne, mai gyaran takalma ke ajiye kayansa a nan. Haladu yana tsaye a gefe da akwatinsa, ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya a hankali, kamar mai ba ni hanyar fita. Na sake cewa biyu. Ta rubuta sunayen 'yan ci-ranin nan, ta wuce. Da ta fita har yaba min aka yi a tsakar gida, wai Alhaji ya iya da su.

Bayan kamar shekara guda aka zo aka shafa jan fenti a bangon layin baya, za a faɗaɗa kwata. A wannan karon, abin da ban taɓa zato ba, alheri ne ya biyo rubutun. Duk wanda sunansa ke cikin takarda an ba shi shaidar da zai kai a ba shi ɗaki a wasu gidaje da aka tanada, ko a taimaka masa ya kama wani wuri. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma rufi ne. Layin baya suna shida aka kira. Biyun ɗaki na tara sun koma gona tun tuni, aka kira su sau uku ba wanda ya amsa. Na bi ma'aikatan har bakin mota ina rantsuwa cewa akwai mutum da mata da yara huɗu a ɗakin. Babbansu ya buɗe takarda ya nuna min da yatsa, ya ce ai mai kula da gidan ne da bakinsa ya ce biyu. Ya tambaye ni ko na san mai kula da gidan.

Haladu ya ɗaure kayansa a buhu uku. Na ce ya zauna a zaure kafin a ga abin da Allah zai yi, ya ce zaure ba wurin mace ba ne. Suka hau motar Fatakwal. Innarki ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba sai abin da ya zama dole, kuma ban ga laifinta ba.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Duk gidan da kika shiga za a turo miki mutum irina, mai babbar riga da iya magana. Ki gaishe shi da ladabi, ki sha ruwan da ya ba ki, amma kada ki tsaya a bakinsa. Ke mace ce, za ki shiga inda abokan aikinki maza ba za su shiga ba. Ki shiga wurin mata ki zauna a tabarma, kada ki fito da takarda sai kin gama gaisuwa. Kada ki ce mutum nawa ne, za a ce miki alhamdu lillahi. Ki tambayi mudu nawa ake dafawa, da wa ke fara shiga wanka da safe, da inda yara ke kwana idan an yi ruwa. Ki dubi tabarmin da aka naɗe a jingine, ki dubi bakin ƙofa. Idan idonki ya ga abin da ya saɓa wa abin da kunnenki ya ji, kada ki kunyata kowa a gaban mutane, amma kada ki tafi. Yarinyar nan ta tambaye ni sau biyu. Na sha yin tunanin da ta yi na uku, ko da ta juya ta tambayi Haladu da kansa.

Sai dai kada ki ɗauka masu ɓoyewa wawaye ne. Takardar da ta ba mutum huɗu ɗaki ita ce kuma za ta iya sa a kori arba'in. Kafin ki karɓi gaskiyar kowa, ki tambayi shugabanninki wa zai ga takardar, da suna za a kai ta ko ba suna, kuma mai gida zai iya samun ta ko ba zai iya ba. Ki matsa sai an ba ki amsa, ko da za a ce sabuwar ma'aikaciya ta cika tambaya. Abin da aka gaya miki shi za ki gaya wa mutane, ba ƙari. Kada ki yi wa kowa alkawarin gida don ya buɗe baki.

In kun zo rubuta shawara kuma, ki yi haƙuri da tsoho ya sa baki a abin da bai karanta ba. Na ga gidajen da aka gina a hanyar fita gari, jere reras da fenti ruwan ɗorawa, kowanne da falo da wurin ajiye mota. Na wuce su a bas ciyawa ta kai taga. Ɗan dako dole ya kasance a kasuwa lokacin da motar kaya ta tsaya, in ya makara wani ya sauke. Idan aka kai shi inda sai ya hau okada biyu kafin ya iso, an ba shi gida an karɓe masa abinci, kuma cikin wata guda zai dawo ya kwanta a rumfa. Abin da mutanen gidan nan ke nema ɗaki ne kusa da wurin nema, mai taga, da famfo, da banɗakin da ba sai an yi layi tun asuba ba, da hayar da za a riƙa biya wata wata yadda kuɗi ke shigo wa mutum. Ki kuma tambaya ko sai da takardar asalin gari za a ba mutum, don in haka ne ke kanki da aka haifa a Fegge ba ki ciki. Waɗannan su na sani. Sauran na ƙididdiga da taswira ku kuka karanta, ba zan yi miki karambani ba.

Shekarun baya na je Fatakwal ɗaurin auren ɗiyar gwaggonki. Na sauka a tashar Rumuokoro maɗaurin takalmina ya tsinke, na nufi wani mai gyara a gindin bango. Sai da na miƙa takalmin ya ɗago kai. Haladu ne, ya tsufa fiye da ni ko da yake na girme shi. Ya miƙe ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya share min benci da hularsa, ya aika aka kawo min shayi. Ya tambayi innarki, ya tambaye ki da suna. Ya kai ni inda suke, wata baca, wato 'yar bukkar kwano, a bayan tasha, ƙasanta a jiƙe ko da rani. Ladidi ta gaishe ni daga bayan labule. Na ƙirga yara a raina na ga uku manya, ban tambayi na huɗun ba, shi ma bai faɗa ba.

Na zauna ina neman bakin da zan roƙe shi gafara. Shi ya riga ni. Ya ce, "Alhaji, ka san abin da ke dawo min? Matar nan mai takarda ta tsaya tana kallona. Da na ɗaga kai kawai, da ta gane. To kai ka ce in yi shiru." Ba da faɗa ya faɗa ba, yana ɗinkin takalmina ne. Ya gama ya ƙi karɓar ko kwabo. Na ce masa Allah Ya saka da alheri, na hau mota, ban roƙe shi ba. Kunya ta hana ni, kuma wannan kunyar ba ta da wani amfani ga kowa. Idan kika yi wa mutum laifi a aikin nan, ki faɗa tun yana gabanki.

Kin ce bayan damina aikinku zai iso Fegge. Kin kuma san 'ya'yan marigayi mai gidan nan sun fara zuwa da masu awo suna zagaya bango, kuma takardar da na sa wa hannu har yau mutum biyu a kowane ɗaki ta ce. Idan adadin gaskiya ya fita, mai yiwuwa shi ne dalilin da suke nema su ce mu tashi. Na kwana biyu ina auna wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce, kina kasuwa sayen lemarki, na tara mutanen gida bayan la'asar na ba su labarin Haladu daga farko har ƙarshe, har da abin da ya sa na hana shi. Na ce wannan karon ba zan yi magana da bakin kowa ba, wanda ya yarda a rubuta shi ya faɗa. Sai tsohuwa Iya Abu ta ɗaki na huɗu ta ce, "Rubuta ni, Alhaji. In za a kore ni, a kore ni da sunana." Daga nan kowa ya bi, sai mutum biyu da suka ce sai sun yi shawara, na bar su.

Ki juya bayan takardar nan za ki ga sunaye, ɗaki ɗaki, har da jaririyar da aka raɗa wa suna makon jiya. Ban taɓa ƙirga mutanen gidana ba sai ranar. Mu ashirin da tara ne, har da ke, don hannuna ya ƙi tsallake sunanki. Ba na ce ki shigar da ita haka ba, ki zo da kanki ki tambayi kowa, ki riƙe wannan don ki gwada ko Babanki ya sake yin halinsa. A gurbin da ake tambaya ko mazauni ne ko mai wucewa, ni ki rubuta mazauni.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Rumuokoro tana cikin rabonki, kuma daga gidan gwaggonki zuwa tasha ba nisa. Ki nemi mai gyaran takalma a gindin bangon da ke kallon masu sayar da ayaba. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce ke ce Ummin Alhaji Musa ta Fegge. Ki gaya masa gaskiyar abin da takardarki za ta iya da abin da ba za ta iya ba. In ya yarda, ki rubuta shi da Ladidi da duk wanda ke ƙarƙashin kwanon nan, ki karanta masa sunansa da ƙarfi ya ji. Sannan ki ce masa Babanki ya ce takalman nan ba na gyara ba ne, kuma yana roƙon ya yafe masa.

Allah Ya tsare min ke, Ya tsare idonki da hannunki, Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah Ya ba ki abokan aiki na gari, Ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ki gaida gwaggonki da mutanen gidanta.

In kin same shi, ki buga min waya a gabansa. Wannan karon zan yi magana.

Mahaifinki,
Musa